Kujerar Babur ɗin Kawu

Sun kwance kujerar. Ƙasar kabarin Kawu ba ta ko bushe ba sunka sa sifana sunka kwance kujerar da ke bayan babur ɗinsa, sunka fitar da ita ƙofar gida, anka zaunar da Liman a kai yana karɓar gaisuwa. Ban yafe ba. Kuma ba zan rubuta cewa na yafe don a ce ina da kirki ba.

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Ina da shekara arba'in da ɗaya na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci na Kebbe, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

Ranar Asabar Kawu ya rasu a Tambuwal, bayan zazzaɓin kwana fuɗu. Ban iso ba sai Lahadi da hantsi, don in an yi ruwa, daga ƙauyenmu sai an taka da ƙafa zuwa Fakku kafin a samu abin hawa. Na tarar da gida cike. Mata na shigowa, kowace da abin da ta haddace.

"Allah shi jiƙan Malam. Mutum mai haƙuri."

"Ko ƙuda bai iya korewa."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Kawu ba shi da haƙuri. Da idona na ga ya jefi mai sayar da kayan gyara da fulogi, don ya saka masa jabu cikin kwalin na ƙwarai. Ta bayan katanga kuma ina jiyo maza suna jero asalinsa: ɗan malam, jikan malam, ya sauke Alƙur'ani tun bai tsiro gemu ba, ya karanci littafi kaza wajen mahaifinsa. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya saurare su zai ɗauka Kawu ya rasu yana ɗan shekara goma sha biyar. Shekara hamsin na baƙin mai sunka share kamar an wanke allo.

Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da ya dace, wata tsohuwar Bafulatana mai nono daga wajen Kebbe. Ta zauna, ta yi addu'a, ta ce, "Shanunmu duk wani mashin suna gudunai, ban da nashi. Sun san muryarshi. Ina abin hawan yake?" Wata ta tura mata kwanon kunu gabanta.

Da zan fita alwala ne na hango kujerar ta zaure. Liman shi ne wan Kawu, shi ma kawuna ne, ya tsufa, gwiwoyinsa ba su yarda da tabarma. Yana zaune a kai, ya jingina, ya ɗora hannunsa na dama kan madogarin. A gefen ƙasa akwai wata ƙugiya ƙarama. Nan ya rataye carbinsa. Sai da na dafa bango.

Bari in faɗi abin da babur ɗin yake, tunda sun ƙi faɗa. Ba irin ƙananan nan ba ne da ke cike da tasha. Ƙato ne, baƙi, injinsa kai biyu gare shi, ɗaya ya kalli gaba ɗaya ya kalli baya, sun haɗu a ƙasa kamar gwafa. Gwafa ma yake ce masa. A gwanjon tsofaffin kayan hukuma ya same shi, a mace, anka kawo shi bisa amalanke garin na dariya. Shekara uku yana kwancewa yana ɗaurawa kafin ya yi tari na farko. Daga nan bai bar shi ya huta ba. Batir na ƙaramar mota ya sa masa cikin akwatin ƙarfe. Fitilar ta tarakta ce. Tayoyi masu haƙora, tanki an ƙara masa ciki. In anka ce masa ya ɓata babur, sai ya ce, "Wanda ya ƙera shi bai san hanyar Kebbe ba. Ni na sani."

In yana aiki, hularsa yake cirewa ya ɗaga bakinta sama ya riƙa zuba noti a ciki. Babu hularsa da ba ta da tabon mai, har ta Idi. In inji ya canza murya, sai ya kafa sukudireba a jikinsa ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido, kowa ya yi tsit. In ya sayi ƙarfe sai ya sake shi bisa siminti ya ji ƙarar kafin ya biya. Yakan ce, "Inji bai ƙarya, mai shi ka yi." Yakan ce, "Ba a ɗaure noti da fushi," alhali shi kansa rabin notin babur ɗin da fushi ya ɗaure su. Kafin salla da toka da sabulu yake dirje hannu, amma faratan ba su taɓa fari ba.

Faratan nan ne rigimarsu da Liman. Na ji su sau ɗaya a zaure, ina kawo ruwa.

"Ɗan malam, jikan malam, ka ƙare ƙarƙashin ƙarfe."

"Yaya, bari ƙafarka ta gaza. Ƙarfen nan za ka nema."

Ga shi kuwa a kan ƙarfen. Ban san ko ya tuna ba.

Kujerar ta maigidana ce. Malamin firamare ne, shekara biyar ke nan da ya faɗi a gaban allo, gefensa na dama ya mutu, magana ta koma rabi. Daga baya anka sa masa robar fitsari, wadda dole duk wata a kai shi asibitin Tambuwal a canza. In an wuce lokaci, zazzaɓi ke zuwa, irin mai kaɗa haƙora. Da damina mota ba ta wuce Fakku. Mun gwada ƙaramin babur, an sa shi a tsakiya ƙanensa na riƙe da shi ta baya, yashin rafi ya kwashe su su uku, shi ya faɗi ta gefen da ba ya iya karewa. Tun ranar babu mai babur ɗin haya da ke yarda ya ɗauke shi, kuma ban ga laifinsu ba. Mun gwada amalanken shanu, kafin mu kai rabi ya suma.

Kawu bai ce sannu ba da ya ji. Ya zo da igiya ya auna mutumin kamar tela: baya, cinya, tsawon hannun da ya mutu. Ya tafi. Mako biyu yana zirga-zirga wajen wani mai walda a Dogon Daji. Da ya dawo, ga kujerar tsohuwar bas an yanke ta an rage, da majingina, da madogarin hannu ta dama, da bel na mota mai ɗaure ƙirji, da ƙugiyar rataye jakar fitsari a ƙasa don kada ya koma ciki. Ya canza shokozoba ya sa masu taushi don rage girgiza. Noti fuɗu ke riƙe da ita. Ranar da anka fara ɗora maigidana a kai, ya daɗe yana neman kalma, sannan ya ce, "Sarki." Kawu ya ce, "Sarkin mi, riƙe bakinka kada ƙuda su shiga."

Ba zan ɓoye laifinsa ba, don shi ma ba ya ɓoye nawa. Kawu yana son abu mai ƙyalli. A shekara ta biyu wani ɗan kasuwa ya kawo masa salansa, wato bututun hayaƙi, sabuwa fara tas, mai ƙara kamar aradu, ya rasa barci sai da ya ɗaura ta. Ta fi tsohuwar kauri, ta fi fitowa waje, kuma ta gefen dama take. Ranar asibiti ta zo, anka ɗora maigidana, sunka tafi, ni na biyo su a baya. Ƙafarsa ta dama ta zame ta kwanta jikin salansar. Bai ji ba. Ƙafar ba ta jin komai. Tun daga rafi har Tambuwal tana gasuwa, sai da sunka tsaya ne Kawu ya ji ƙauri.

Na iske su a barandar asibiti. Abin da na faɗa wa wan mahaifiyata a gaban mutane ba zan rubuta shi duka ba.

"Tsoho da kai, kana kwalliya da naman mijina. Don 'yan tasha su tafa maka?"

Ma'aikaciyar jinya ta ce in ji tsoron Allah. Kawu ya cire hularsa. Mutumin da ke jifa da fulogi ya tsaya da hula a hannu har na gama. Kwana goma ban ji ɗuriyarsa ba. Ran na sha ɗaya sai ga muryar babur ɗin ta canza, ta yi ƙasa-ƙasa. Ya cire mai ƙyallin. Ya lanƙwasa bututun hayaƙin duka biyu ya juyar da su hagu, ya naɗe su, ya yi wa ƙafar dama akwatin katako mai maɗauri. Ya durƙusa gaban maigidana ya ɗaga zanen ya duba ciwon da kansa. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Salansar kuwa, kan soronsa ya kai ta ya mai da ita indararo. Duk damina ruwa na zuba ta cikinta, duk mai wucewa na tambaya, shi kuwa ya ce, "Nan ad daidai da ita."

Bayan wannan ne ya ce in zo da littafina. "Tunda kin yi boko da tsufa, zo ki yi mashi amfani." Shi ajami ya iya, lambobin jikin kwali na ba shi wahala. Ni nake karanto masa, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya yana tsaki. Sannan ya riƙa faɗa ina rubutawa: wane fulogi, wane baƙin mai, sifana mai lamba nawa ke kama wane noti. Abu na farko da na taɓa rubutawa a duniya wanda ba daga allo na kwafa ba shi ne, "Buɗe mai na ƙasa tukuna." Har maɓallin ɓoye ya nuna mini, wanda ya dasa ƙarƙashin tanki saboda ɓarayi, da shi ake tayarwa da shi ake kashewa. Mu uku munka san wurin: shi, da ni, da babban ɗansa, taubashina, wanda ya yi ta tuƙa babur ɗin yana saurayi kafin ya zama akawu a ƙaramar hukuma ya koma fararen kaya.

Bara na yi abin da har yau ban san ko daidai ne ba. Na ga numfashinsa ya fara gajarta in ya tura babur ɗin. Na ce, "Kawu, ka faɗi gaban Liman da shaidu cewa ko bayan ranka ba za a raba mai jinya da kujerar nan ba."

Ya ɗago daga ƙarƙashin inji. "Mutuwata kika kira?"

"Ba ni nika kiranta ba, ita ka zuwa."

"Ɗiyar ƙanwata da bakin uwarta. Sai na binne ku duka da Gwafa. Miƙo sha uku."

Na miƙa masa sifanar. Bai faɗa ba. Ban sake tambaya ba.

Ga nawa laifin. Da ɗiyata ta miƙo mini waya ran Asabar anka ce Kawu ya cika, bakina ya ce innalillahi, amma abin da ya fara faɗo mini a zuciya shi ne Alhamis. Alhamis ce ranar canza roba. Mutumin da ya yi shekara biyar yana ɗaukar mijina, ban ko fara yi masa kuka ba ina lissafin wa zai tuƙa. Allah ya gani. Na rubuta don kada in fi masu cewa mai haƙuri ne ƙarya.

Ranar Litinin na gane yadda anka yi kujerar ta fita. Ashe tun kafin in iso wani dillali ya zo daga birni, ya yi gaisuwa a gurguje ya wuce rumfar baya inda babur ɗin yake. Irin wannan babur ɗin, in ji shi, akwai masu nemansa don kwalliya, amma sai an cire tarkacen da tsoho ya lillika. Taubashina ya sa anka fara da kujera, anka ɓalle akwatin ƙafa. Bel ɗin, da shi na ga an ɗaure ragon sadaka. Dillalin ya ɗaga kai ya ga indararo, ya ce a sauko da ita a goge a mayar. Ya ce ran addu'ar bakwai zai dawo da mota.

Na tsugunna a rumfar ina tona yashi da yatsu. Noti uku na samu. Na fuɗun ya ɓace.

Na sami Liman bayan la'asar, na durƙusa daga nesa na faɗi buƙatata. Ya saurara har ƙarshe, ba zan ɗauke masa wannan ba.

"Ya faɗi gaban shaidu?"

"A'a, Kawu."

"Ya rubuta?"

"Ni nika rubuta mashi."

"To kin ji. Dukiyar magada ce, cikinsu akwai mata, akwai marayu. Ke ɗiyar mace ce, ba ki ciki. Ba ni da ikon ba ki ko allura."

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin gaskiyar da ta yi mini nauyi haka ba.

Talata da azahar ɗiyata, wadda na bari tana jinya, ta kira. Ta ce tun safe abin da ya taru a jakar bai kai rabin kofi ba, kuma ya yi duhu. Ta ce jikin ya ɗau zafi, yana riƙe mararsa da hannun da ke aiki. Ta kara masa wayar, na ji numfashinsa, na ji yana neman kalma. Ya ce, "Kawu." Mun faɗa masa tun Asabar. Ko ya manta, ko kujerar yake nufi, ban sani ba.

Na fita tasha da mayafin makoki. Na roƙi masu babur ɗaya bayan ɗaya, har wanda na girme wa uwarsa na ce masa ranka ya daɗe. Kowa ya ji ƙauyen da mai jinyar sai ya kau da kai. "Inna, rafi ya kawo. In ya faɗi a hannuna fa?" Wani direba ya ce zai kai Fakku ya jira, in mun iya kawo shi nan. Da me za mu kawo shi, a ka?

Na dawo na tare taubashina a bakin rumfa, yana cikin babbar riga fara.

"Baiwata, mi ya samu idonki?"

"Ba wasa ya kawo ni ba. Ka ɗauko min mijina."

"A bisa mi? An kwance shi. Kuma shekara ashirin rabona da shi."

"Hannu bai mantuwa."

"Ina zaman makokin ubana in hau wanga abu in ratsa gari? Mi mutane za su ce? Duk ƙuruciyata ɗan mai baƙin farce aka ce mani a gidan nan, ke kin sani."

"Da baƙin farcen anka saya maka farar rigar."

Ya dube ni kamar zai mare ni, ya juya ya koma cikin maza. Na zauna a ƙasa jikin tayar. Nan ne na yi wa Kawu kukan da ban yi ba tun Asabar, kuma ko a nan ban san nawa ne nasa nawa ne na Alhamis ba.

Matar Kawu ce ta aiko a kira ni kafin magariba. Tana ɗakinta cikin takaba, ba ta ce komai ba kan babur duk kwanakin nan. Ta jawo hularsa ta aiki daga ƙarƙashin matashi ta ɗora mini a cinya. Tana da nauyi. Na buɗe, ga noti sun fi goma, ga makulli.

"Shekara arba'in nika wankin hulunan nan ina zagi," ta ce. "Wagga ban wanke ta."

Laraba da safe, ana idar da salla rana ta fara fitowa, na yafa mayafi na fita ƙofar gida inda mata ba su zuwa. An riga an zaunar da Liman. Maza kamar goma na gefensa. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na nuna ƙugiyar.

"Kawu, ka san abin da aka rataya nan inda carbinka yake?"

Ya duba. "Mi?"

"Jakar fitsarin mijina. Shekara biyar. Marigayi kan wanke ta da kanshi duk dawowa, da faratan nan. Yau jakar ba ta cika, fitsarin ya tsaya tun jiya."

Liman ya zare carbin a hankali ya riƙe shi a tafin hannu. Ya shafa madogarin, ya bi ɗinkin waldar da yatsa. Sannan ya miƙa hannu biyu anka ɗaga shi, ya sauka kan tabarma da gwiwoyin nan nasa, ina jin ƙararsu.

"Ban ba ki ba," ya ce. "Ba tawa ba ce. Tashi kawai na yi."

Na ɗora ta a ka na ratsa zaure. Na kwance bel daga wuyan rago. A rumfa na buɗe littafina, na ɗauki sha uku, na zaɓi noti na fuɗu daga hular. Sai da na tsaya na yi numfashi, don ba a ɗaure noti da fushi. Na mai da akwatin ƙafa na ɗaure shi da waya. Na buɗe mai na ƙasa tukuna. Na murɗa makulli, na zura hannu ƙarƙashin tanki.

Ya yi tari sau biyu, ya kama. Muryar Kawu ta cika gidan makoki. Daga ɗakin takaba na ji an fashe da kuka.

Taubashina ya shigo da sauri yana tattare riga. "Kashe shi. Mutane na ji."

"Zo ka kashe da kanka. Ka san wurin."

Ya zo, ya zura hannu ƙarƙashin tankin. Hannun ya tsaya a can. Ya karkata kai yana saurare, ya lumshe ido.

"Kan injin na baya shina tsallake," ya ce. "Fulogi na."

Na zazzage sauran notin a gefen zanena, na miƙa masa hular babu komai ciki, bakinta a sama.